Ba kowace rikicewar al'ada ce "sanyi" ba

Wata ƙanwata ta yi shekara huɗu a gidan miji tana shan jiƙe-jiƙe. Al'adarta takan yi wata uku ba ta leƙo ba, ranar da ta ga dama kuma ta zo kamar an ɓalle famfo. Duk ɗaukewar da ta yi sai gida ya kama murna, uwar miji ta fara tambayar ko tana jin kwaɗayi, a yi awon fitsari a tarar babu komai. Mai magani na farko ya ce sanyi ne. Na biyu ya ce aljani ne ya aure ta. Ita kuwa kullum da asuba, kafin maigida ya dawo daga masallaci, tana gaban madubi tana tsige gashin da ke tsiro mata a haɓa. Wannan ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, domin ta san sunan da ake kiran mace mai gemu da shi a unguwa.

Ranar da ta zauna gaban likitan mata, gashin nan da take ɓoyewa shi ya fara tambaya. Aka ɗebi jini, aka yi hoton mara, aka ce mata PCOS ne.

Ba sabon ciwo ba ne. Tun 1935 likitoci biyu a Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana shi. Sinadaran jiki ne ke rikicewa: na maza, wanda kowace mace ke da ɗan kaɗan, ya yi yawa, ƙwai ya fara girma ya tsaya bai nuna ba balle ya fito. Irin waɗannan ƙwai su ne ƙananan ƙulle-ƙullen da ake gani a hoto, ba ƙari ba ne kamar yadda wasu ke firgita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa tana da shi, kuma har kashi 70 cikin ɗari na masu shi ba su ma sani ba.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne, mu ne muka raba wa kowace fassararta. Tazarar al'ada ta wuce kwana 35, mu ce sanyi. Ƙuraje su ƙi barin fuska, mu ce maiƙo. Wuya da hammata su yi baƙi, uwa ta ɗauki soso ta dirje 'yarta tana zagin ƙazanta, daga baya a koma man bilicin, alhali baƙin nan sau da yawa jiki ne ke nuna insulin ba ya aiki yadda ya kamata. Ƙiba kuwa sai a ce hutu ne, ko da yake akwai sirara masu ciwon. Ƙa'idar da masana suka amince da ita a Rotterdam a 2003 ita ce a samu biyu cikin uku: rikicewar al'ada, alamar yawan sinadarin maza, ko abin da hoto ya nuna, bayan an tabbatar ba wata cuta ba ce, irin ta maƙoƙo.

Ban hana kowa addu'a ba. Abin da ke damuna shi ne yadda magidanci zai sayar da rago don hayaƙi da rubutu, amma kuɗin awon jini ya gagare shi, sannan ya fara zancen ƙarin aure, dangi suna kiran matar juya. Mace ba kaza ba ce da za a auna darajarta da ƙwai. Ko babu maganar haihuwa, wannan ciwo yana kusantar da mace ga ciwon suga, kuma barin mahaifa wata da watanni ba ta zubar da jini ba yana da nasa haɗarin.

Ba a warkar da shi gaba ɗaya, amma ana shawo kansa. Rage nauyi kaɗan kan daidaita al'ada ga mai ƙiba, akwai metformin, akwai letrozole da likita ke bayarwa don ƙwai ya fito, kuma da yawa suna haihuwa.

Iyaye mata, ku ne 'ya'yanku ke fara gaya wa. Ku sa yarinya ta riƙa rubuta ranar zuwan al'adarta. In ta yi wata uku shiru kuma ba ciki, a ɗauki takardar a kai ta wurin likitan mata.