Kai Maƙwabci Kotu Kan Bashi Ba Cin Zumunci Ba Ne

A Dala, daga Ƙofar Ruwa zuwa Gwammaja, ciniki a kan amana yake tafiya. Mai shagon kayan gini zai ba magini siminti da rodi bashi, babu takarda, babu shaida, sai "in an biya ni zan kawo." Wata uku, wata shida, waya ta daina shiga. Ra'ayina shi ne, idan mai unguwa da dattawan kasuwa sun yi magana ta faɗi ƙasa, mai kuɗi ya nufi kotu ba tare da jin kunya ba. Ƙin amsa sammaci ba ya kashe ƙara. Muddin an tabbatar sammacin ya isa, alƙali na iya sauraron hujjar mai ƙara ya yanke hukunci, daga baya a kama kadarar wanda ake bi, ko a umarci bankinsa ya biya daga asusunsa.

Wasu za su ce kotu na raba zumunci. Amma wanda ya riƙe haƙƙin ɗan'uwansa alhali yana da hali, shi ya fara yanke igiyar. Suratul Baƙara, wadda a aya ta 280 ta umarci a saurara wa mai ƙunci, ita ce a aya ta 282 ta umarci a rubuta bashi a kafa shaidu. Sassauci na wanda ya rasa ne, ba na mai taurin bashi ba. Wasu kuma za su ce shari'a na cin lokaci da kuɗi. Gaskiya ne, sai dai rubutacciyar yarjejeniya da shaidu biyu suna taƙaita jayayya ƙwarai. Idan taurin bashi ya zama riba, masu shaguna za su rufe littafin bashi, talaka mai gaskiya kuwa shi zai fara ɗanɗana kuɗarsa.