Ciwon Daji: Tsakanin Asibiti da Maganin Gargajiya

Hausawa kan ce, wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Babu wanda wannan karin magana ya fi dacewa da shi kamar mutumin da likita ya shaida wa cewa yana ɗauke da ciwon daji, wato sankara. Daga wannan rana kowa ya zama mai ba shi shawara: wannan ya kawo sassaƙe, wancan ya yi kwatancen wani mai magani a ƙauye, wata tsohuwa kuma ta gargaɗe shi da cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura.

Kuskure ne a ɗauka jahilci ne kawai ke korar mutane daga asibiti. Maganin sankara yana da tsada ƙwarai, na'urorin gashi kuma ba su da yawa a Nijeriya, har majinyaci kan yi tafiya mai nisa ya tarar da dogon layi. Magungunan da ake ƙarawa ta jijiya suna zubar da gashin kai, su sa amai, su rage ƙarfin jiki. Ga shi kuma wasu likitocin ba su da lokacin yin bayani, alhali mai maganin gargajiya zai zauna ya saurara, ya yi alkawarin waraka, ya karɓi abin da ya sawwaƙa. Mafi muni, da yawa ba sa zuwa asibiti sai cuta ta ci jiki. Idan suka rasu a can, sai dangi su ce tiyata ce ta kashe su, labarin ya ƙara tsorata na baya.

Wannan tsoro bai tsaya ga talaka ba. Steve Jobs, attajirin kamfanin Apple, an gano ƙari a cikinsa a 2003, amma ya jinkirta tiyata har kimanin wata tara yana gwada tsarin abinci da wasu hanyoyi. Ya rasu a 2011. A Amurka ma an taɓa yayin wani magani mai suna letiril, wanda ake haɗawa daga ƙwallon wani ɗan itace. Da aka gwada shi a kan majinyata 178, sakamakon da ya fito a 1982 ya nuna bai warkar da kowa ba, wasu ma sun nuna alamun guba a jininsu. Haka nan wani bincike na Jami'ar Yale da aka buga a 2018 ya gano cewa haɗarin mutuwa ga waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka dogara ga wasu hanyoyi ya ninka sau biyu da rabi. Ga masu sankarar mama kuwa, ya haura sau biyar.

Wannan ba ya nufin itatuwa ba su da amfani. Maganin binkiristin, wanda ake ba yara masu sankarar jini, daga wani fure na Madagaska aka samo shi. Bambancin shi ne an tace shi, an auna adadinsa, an gwada shi, an kuma rubuta waɗanda ya yi wa amfani da waɗanda bai yi wa ba. Mai tallar magani da lasifika a kasuwa yana iya kawo mutum ɗaya da ya ce ya warke, amma ba ya riƙe lissafin waɗanda suka sha suka mutu. Sau da yawa ma ba a tabbatar cewa abin da ya warke ɗin sankara ba ne, domin a bakin Bahaushe kalmar "daji" ta haɗa da maruru da miki iri-iri.

Addu'a da kulawar dangi suna ƙarfafa majinyaci, kuma ba su hana shi ganin likita. Abin da ke halaka shi shi ne watannin da ya ɓata. Ƙullutun mama da aka gano yana ƙarami ana iya cire shi mace ta rayu shekaru masu yawa. Idan ya bazu zuwa ƙashi ko hanta, yawanci sai dai a sassauta ciwo. Saboda haka wajibi ne hukuma ta rage tsadar magani, likitoci kuma su riƙa yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji, su tambaye shi abin da yake sha a gida ba tare da tsawa ba, domin wasu jiƙe-jiƙen kan lalata hanta da ƙoda, su hana maganin asibitin aiki.