Kudakun Kambaza da Alƙalaminmu



Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawanmu za mu cika shafi uku muna kwatanta falon Alhaji, amma a ce mu rubuta yadda ake dasa dankali, sai alƙalami ya cije. Alhali da shi aka raine mu.

Mu leƙa Kambaza ta ƙasar Gwandu, a jihar Kebbi. A wannan yanki, dankalin Hausa kudaku ake ce masa. Tun rani aikinsa ke farawa: a share gona, a kai takin gida cikin mangala a bayan jaki. Idan ruwa ya zauna, sai a ɗauki garma a ta da kunya mai tudu. Ba ƙwaya ake shukawa ba. Yaɗon ake yankowa, kamar kamu ɗaya, a binne gaɓa biyu ko uku, a bar kan a waje. An fi son dashen yamma ko na bayan ruwa, don kada rana ta ƙona shi. Bayan wata 3 zuwa 4 sai haƙa.

Babu matakin da ba shi da dalili. Kunya tana sassauta ƙasa don saiwa ta yi ƙiba, tana kuma hana ruwa kwanciya ya ruɓar da ita. Idan ƙasa ta tsage, manomi yakan ƙara mata wata, domin ta tsagar nan ƙwaro ke shiga, kudaku ya yi ɗaci.

Wani zai ce ai zamani ya zo da tarakta. Haka ne, kuma ba mu ƙi ba. Amma tarakta kunya take tayarwa, ba ta san yaɗo mai lafiya ba. Wannan sani yana kan dattawa, kuma kullum raguwa suke yi. Idan mu ma muka kira komai dankali, jikokinmu za su zaci na Turawa ne irin na Jos, wanda ɗansa ake binnewa.

Don haka damanar bana mu bi iyayenmu gona. Mu duƙa, mu tambaya, mu rubuta kowace kalma yadda suka faɗe ta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya ba mu damana mai albarka.