"Za mu daidaita" ba farashi ba ne

1/ 'Yan'uwa ɗalibai masu taɓa aikin kwamfuta a gefe, ku matso. Ba maganar da ta cuce ni a harkar nan kamar "za mu daidaita".

2/ Ina aji biyu wani Alhaji mai shagon atamfa ya ce in yi masa shafin intanet. Na kawo zancen kuɗi, ya ce, "Haba ɗana, kai da gida? Fara kawai, za mu daidaita." Kunya ta rufe min baki. Sati uku ina kwana a kai, da datata, har lacca na riƙa tsallakewa. Kullum da sabon abu: canza kala, ƙara hoto, haɗa da WhatsApp. Da na gama ya miƙo dubu goma da "Allah ya yi albarka". Na ce amin, na tafi ina lissafin kuɗin data.

3/ Gaskiya laifina ne. Mutumin nan ko yadi ɗaya ba ya saki sai an gama ciniki. Ni ne na ɗauki aikina kamar taimako.

4/ Yanzu ba na buɗe kwamfuta sai mun rubuta aikin dalla-dalla a WhatsApp, an turo rabin kuɗi kafin alƙalami. Gyara biyu kyauta, na uku da kuɗinsa. Sunan shafi kuma duk shekara ake sabunta shi, tun farko nake faɗa wa mutum daga aljihunsa zai fito.

5/ Abokai sun ce zan kori kwastoma. Eh, biyu sun gudu. Alhaji kuwa da shafinsa ya sauka, shi ya nemo ni. Na faɗi farashi, ya yi dariya, ya turo rabin.