Mazari a Bakin Kududdufi

Yaranmu na haddace sunayen dabbobin da ba su taɓa gani ba, amma mazarin da ke shawagi a kan kududdufin bayan makaranta ba mai nuna musu shi. Ni a ganina wannan asara ce. A ruwa 'ya'yansa ke girma, suna farautar tsutsar sauro, kafin su hau kan ciyawa su saɓule fata su tashi. Babban in ya sauka, fukafukansa huɗu a baje suke; siririn ɗan'uwansa kuwa yawanci haɗe su yake a bayansa. Malamin kimiyya ya fita da ɗalibai da hantsi cikin damina su gani mana. Ko a fadamun Haɗejiya da Nguru, darasin nan sisi ba zai ci ba.