SHARHI: Abin da bangon gidaje ke faɗa game da sulhun Batsari da Safana

A karkarar Katsina, da zarar an ɗauke ruwa an kai amfanin gona rumbu, magidanci kan waiwayi gidansa. Lokacin ne ake yaɓe bangon da damina ta zaizaye, a gyara indararo, a sake azarar da gara ta ci, mai aurar da ɗa kuma ya tayar da sabon ɗaki ya jira masu jere. A mazaɓar Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana masu maƙwabtaka da dajin Rugu, wannan al'ada tana cikin abubuwan da rashin tsaro ya karya, kuma ba a cika sa ta a lissafi ba idan ana ƙidayar asara.

Ɓarnar da ta fito fili kowa ya san ta. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 30, aka ƙone gidaje da kayan abinci. Amma akwai wata ɓarnar da ba ta tayar da hayaƙi. Garkuwa da mutane ta mayar da kyakkyawan gida abin tsoro ga mai shi. Sabon rufin kwano, fenti a ƙofar gida, farantin sola a bisa soro, duk shaida ce ga masu kai wa 'yan bindiga rahoto cewa a nan akwai abin fansa. Mai hali sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya bar bangon waje fayau ya ɓoye adon a ciki, ko ya kwashe iyalinsa da jarinsa ya koma Katsina ko Dutsin-Ma.

Saboda haka, falon da matasa ke yabawa a Instagram da TikTok, mai tayil da silin POP da fitilun ado da labule har ƙasa, ba kullum yake nuna arziki ya ƙaru ba. A wasu sababbin unguwannin birni, kuɗin shanu da hatsin ƙauye ne suka yi hijira. Wanda aka bari a baya shi ne magini da kafinta da mai walda, sai kuma dattijon da ya iya tubali da makuba da fitar da zanko, wanda sana'arsa ba ta rubuce a littafi. Hasumiyar Gobarau shaida ce ta abin da ginin ƙasa zai iya, amma yaro ba ya gadon sana'ar da babu mai ba ubansa aikinta.

Tsada ta ƙara dagula lamarin. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a Fabrairun 2024, har Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da farashi tsakanin naira 7,000 da 8,000. Ko a wannan farashin, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai wuce buhu goma ba. Wanda ya riga ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, da me zai tayar da bango?

A 2025 al'ummomin Jibia da Batsari da Safana sun shiga sulhu da 'yan bindiga, yayin da gwamnatin Dikko Radda ke nanata cewa ba ita ke neman sulhun ba. Ana auna nasararsa da kasuwannin da suka ci gaba da ci da mutanen da aka sako. Ma'auni ne mai kyau, sai dai gajere ne, domin ɗan kasuwa yana iya zuwa da safe ya bar gari kafin la'asar. Shanu ana kora su, hatsi ana sayarwa, amma wanda ya zuba kuɗinsa a bango ba shi da hanyar gudu da shi.

Idan a ranin bana aka ga kurar siminti na shiga Karare da Ruma da Wagini da Runka, aka ga ana jeren amare a ɗakunan da aka yi wa sabon fenti, to jama'a sun amince. Idan kuwa masu hali suka ci gaba da zuwa duba gona a kan babur suna komawa birni kwana, to har yanzu ba su yarda su bar 'ya'yansu su kwana a can ba.