Uwargida, kin taɓa duba jak ɗin motar gidanku?

Na san wata za ta ga taken yau ta ce ma'aikaciyar jinya ta koma bakanikiya. Ki yi haƙuri ki karanta zuwa ƙasa, domin ke da yaranki ne ke tsayuwa a bakin hanya idan taya ta yi faci.

Da kakar bara muka je suna 'Yankuzo, can cikin ƙaramar hukumar Tsafe. Daga Gusau muka tashi da safe a wata Sharon, mu bakwai har da surukata da yara uku. Duk wanda ke bin hanyar nan ya san yadda ake lissafin tafiya yanzu: a fita da hantsi, a dawo gida rana na sama. Ba wanda ke son magariba ta same shi tsakanin Tsafe da Gusau, kuma ba sai na faɗi dalili ba. Muka yi sallama bayan azahar, dangi suka ɗora mana buhu biyu na masara da ƙullin gero, kamar yadda aka saba. Ba mu kai Tsafe ba tayar baya ta hagu ta kwanta.

Maigida bai damu ba, ya ce aikin minti goma ne. Akwai safaya, akwai iska a cikinta, akwai sifana. Ya ciro jak, irin ɗan sirit ɗin nan mai buɗewa kamar almakashi, wanda ya rage daga tsohuwar Golf ɗinmu. Ya sa, ya fara murzawa. Mota ta ɗan ɗaga, sai gindin jak ɗin ya fara nutsewa cikin rairayi, ya karkace, ƙarfen ya lanƙwashe, mota ta dawo ƙasa da ƙarfi. Allah ya kiyaye, hannunsa ba ya wajen. Kusan awa ɗaya da rabi muka yi a nan. Surukata tana ta jan carbi, ni ina ƙirga yara ina kallon daji, duk ƙarar babur da na ji sai gabana ya faɗi. Wani direban motar kaya ne ya tsaya, ya ba mu aron nasa jak ɗin da guntun katako, cikin minti kaɗan aka gama. Da muka wuce dutsen Kwatarkwashi ana kiran magariba, ba mai magana a motar.

Tun daga ranar na zauna na tambayi masu faci da direbobi, na karanta abin da zan iya. Ga abin da na fahimta.

Kowane jak yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma a rubuce yake a jikinsa: 1T, 1.5T, 2T, 3T, wato tan ɗaya, ɗaya da rabi, da sauransu. Tan ɗaya kilo 1,000 ne. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don wannan motar kaɗai. Tsohuwar Golf nauyinta ɗan sama da tan ɗaya ne, Sharon kuwa ta haura tan ɗaya da rabi tun ba a sa mata komai ba. Ki ƙara buhun masara biyu, kowanne kusan kilo 100, duk a kan tayoyin baya, ki ga abin da muka ɗora wa ɗan ƙarfen nan. Gaskiya ne jak ba ya ɗaga mota gaba ɗaya, kusurwa guda yake ɗagawa, amma shawarar da ake bayarwa ita ce ƙarfinsa ya kai aƙalla kashi uku cikin huɗu na nauyin motar da kayanta. Yawancin motoci suna da ɗan allo ko takarda a jikin ƙarfen ƙofar gaba, inda aka rubuta iyakar nauyin motar idan ta cika. Da wannan lambar ake zuwa kasuwa. A ganina, motar iyali da ke zuwa ƙauye tana dawowa da hatsi bai kamata a saya mata abin da ya gaza tan biyu ba, bas irin Hiace kuwa tan uku zuwa sama.

Iri uku za ki fi gani. Na almakashin nan ba shi da nauyi, yana shiga ƙarƙashin mota komai kwanciyarta, amma gindinsa ƙarami ne kuma yana son ƙasa mai tauri da ta daidaita. Na biyu shi ne mai siffar kwalba, wanda ke aiki da mai a cikinsa, ana famfa shi da ɗan ƙarfe. Shi direban ya ara mana. Yana da ƙarfi sosai ga girmansa, kuma ba ya buƙatar ƙarfin damtse, ke ma za ki iya famfa shi. Na uku shi ne dogon mai ƙananan tayoyi da kike gani wajen masu faci. Ya fi kowanne daɗin aiki a kan siminti, amma yana da nauyi, yana cin wuri a but, kuma a kan rairayi tayoyinsa ba sa gungurawa yadda ya kamata. Wannan a bar wa masu sana'a.

Mai kwalbar na fi so, sai dai akwai tarko a cikinsa da mutane da yawa ke faɗawa. Idan taya ta sace, mota tana yin ƙasa. Jak ɗin da ya shiga ƙarƙashinta lafiya a bakin shago, lokacin da tayoyi ke cike da iska, yana iya ƙin shiga ranar da ake nemansa. Haka kuma dole ya iya ɗagawa sama sosai, domin safayar da za a sa cike take, ta fi wadda aka cire tsawo. Don haka kafin a biya kuɗi a gwada: a sace iskar taya ɗaya a wajen mai faci, a ga ko jak ɗin zai shiga, a ɗaga har tayar ta bar ƙasa da tazarar da cikakkiya za ta shiga, sannan a mayar da iska. A bar motar a ɗage na wasu mintuna a gani. Idan tana sauka a hankali da kanta, ko kuma akwai danshin mai a jikin jak ɗin, a mayar wa mai shi. A tsaye ake ajiye irinsa a but, domin idan ya daɗe a kwance man na iya tsiyaya.

Katakon nan da direban ya ba mu, shi ne rabin aikin. Guntun katako mai kauri, faɗinsa ya fi gindin jak, yana hana shi nutsewa a rairayi ko laka. Kafinta zai yanko miki shi daga ragowar aiki. Kada a yarda a ɗora jak a kan bulo ko a tara duwatsu, bulo fashewa yake yi ba tare da gargaɗi ba. A haɗa da weji biyu na tare taya, da fitilar hannu, da alamar nan mai kusurwa uku da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke tambaya. Lambar kiran gaggawa ta hukumar 122 ce, ki sa ta a wayarki.

Idan abin ya faru kina wurin, ga naki aikin. Kowa ya sauka daga motar, har jaririn da ke barci, domin motsin yaro ɗaya ya isa ya zame da ita daga kan jak. Ki kwashe yara zuwa nesa da kwalta. A sauke buhuna idan da hali. A ja birkin hannu, a sa giya, a sa weji. Notuna ana sassauta su ne tun mota tana ƙasa, domin jijjiga sifana a kan motar da ke ɗage na iya kayar da ita. Jak yana da wurin zamansa a ƙarƙashin mota, wani ƙarfe mai kauri kusa da kowace taya, yawanci da 'yar alama. A tura safayar a kwance ƙarƙashin gefen motar kafin a cire mai facin, idan an cire a yi musaya, ko da jak ya zame motar ta faɗo a kanta. Kuma komai ya gangara ƙarƙashin mota, ko noti ne, da sanda ake jawo shi.

Wannan na ƙarshen daga wurin aiki na koye shi. Na wanke hannayen da mota ta danne, na ga yatsun da ba a iya ceto ba, kuma kusan kowane lokaci labarin ɗaya ne: an miƙa hannu ne na ɗan lokaci kaɗan. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda ake kawo su an riga an tsiyaya wa ciwon man birki ko fetur. Don Allah ki hana. Waɗannan suna ƙona naman da ya rage da rai, suna ƙara mana aikin wankewa. A danne jini da tsumma mai tsabta, ko mayafinki ne, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a cire zobe da agogo kafin kumburi ya taso, a nufi asibiti mafi kusa. Ko fata ba ta fashe ba a je, domin hannun da aka danne yana iya kumbura daga ciki har jini ya daina kaiwa yatsu. Ciwon da ƙasa da tsatsa suka taɓa kuma yana buƙatar allurar tetanus.

Wata za ta ce maigidanta ba zai ji daɗi ba idan ta sa baki a harkar motarsa. Ni ban yi wa nawa lacca ba. Cewa na yi ya nuna min yadda ake sa jak, ko don wata rana, muka buɗe but tare ranar wata Asabar a ƙofar gida. A nan muka gano sifanar ma bakinta ya cinye, da ƙyar take kama noti, aka sayo wata tare da sabon jak mai tan uku. Katakon yanzu yana ƙarƙashin kujerar baya, an rubuta masa "na mota" da fenti, saboda sau biyu ina ƙwato shi daga hannun masu hura wuta.